Mai Zuma da Motarsa Mai Sandar Giya Uku

Kowa a layin Mai Zuma yake kiransa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Kafin ya kama kiwon ƙudan zuma, tankar ruwa ya tuƙa shekara da shekaru. Daga can ya samo ciwon gwiwar hagu saboda taka kuloci, ya kuma samo raina duk motar da ke canja giya da kanta. Wannan, in ji shi, ba tuƙi ba ne, zama ne.

Akwatunan zumarsa suna can bayan dutse. Kafin a kai wurin sai an bi doguwar kwalta, sannan a sauka a kama wata turba da ruwa ya zaizaye, ga duwatsu, ga laka, ga hawa. Idan fure ya ƙare a wani gefe, dole ya kwashe akwatunan ya kai su wani. Motar haya yake ɗauka, direbobin kuwa ba ruwansu da abin da ke baya. Ran nan wani ya faɗa rami da gudu, murfin akwati ya buɗe. Shi da direban suka yi kwanaki ido a kumbure, labari ya zaga tasha, daga nan ba wanda ya sake yarda ya ɗauke shi.

Sai ya sayi gawar wata tsohuwar a-kori-kura, aka jawo ta zuwa garejin ƙanensa, wanda bakanike ne. Aka tayar da inji, aka ɗaga ƙafafun motar, aka sa mata manyan tayoyi. Da aka zo kan akwatin giya, aiki ya tsaya.

Ƙanen ya jera masa guda biyu a kan tsofaffin tayoyi a ƙasa.

"Yaya, wannan mai giya huɗu ce," ya ce. "Giyarta ta farko tafiyar hawainiya ce, za ka iya sauka ka bi motar a ƙafa. Amma a kwalta inji zai yi ta ihu, ya yi zafi, ya sha mai kamar raƙumi."

"Waccan fa?"

"Mai biyar ce. Ta biyar ɗin ita ce obadiraib, mota na gudu inji na hutawa. Sai dai ta farkonta tana da gaggawa. Da waɗannan tayoyin, a hawa kuloci za ka ƙona."

A lungu akwai ta uku an lulluɓe ta da buhu. Ƙanen ya ɗaga gefen buhun, ya ce wannan da kanta take canjawa, kuma saboda gwiwarsa ya ajiye ta.

"Rufe ta," in ji Mai Zuma.

Damina ta wuce bai zaɓa ba. Kullum da hantsi yana gareji, ya durƙusa da ƙyar, ya juya ƙarfen gaban akwatin da hannu yana kallon yadda na bayan ke juyawa. Yau ya ce mai huɗu, gobe ya tuna tsawon kwalta ya fasa. A gida ma ba shi da wata hira.

"Maigida, da furfurarka kullum zancen giya?" matarsa ta ce. "Maƙwabciya har ta fara yi mini jaje."

Bai yi dariya ba. Ya shiga yi mata bayanin haƙoran ƙarfe har ta tashi ta kama shara.

A ƙarshe ƙanen ne ya samo wata ƙaramar obadiraib mai zaman kanta a wurin masu sayar da tsoffin kayan mota, irin wadda ake ɗaurawa a bayan akwatin giya. Suka sa mai giya huɗun, suka ɗaura mata wannan, aka yanke farfela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyi, aka rage tsawonta don komai ya zauna. Sanda uku suka fito a ƙasan motar: ta giya, ta jan tayoyi huɗu, da ta obadiraib, wadda ya ɗaure wa jan ƙyalle don kada hannu ya ruɗe.

"Mai ƙyallen nan ta kwalta ce kawai," ƙanen ya ja masa kunne. "Ka sa ta a hawa da kaya, sai dai mu tsince ta da tsintsiya."

Motar ta yi abin da aka gina ta dominsa. A kwalta tana tafiya da ɗan gunaguni, a dutse tana rarrafe, akwatuna ba sa ko motsi. Saƙar zuma ta daina karyewa. Ya yi 'yan shekaru a haka, har wasu masu kiwon suka fara roƙonsa ya kwasar musu nasu.

Wata safiya a gindin hawan ya ɗaga ƙafa zai taka kuloci, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, zufa ta karyo masa. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya zauna yana jin ƙugin ƙudan a baya, sannan ya buga wa ƙanensa waya. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce tuƙi ya ƙare.

'Yarsa ta biyu, wadda dama ita ke tace zumar tana zubawa a kwalabe, ta ce za ta koya. Ta koya, amma da shi a gefenta tafiya ba ta daɗi. Ta kai hannu ga sanda ya ce ba yanzu ba, ta janye ya ce me take jira.

Wata rana ta tsaya a bakin hanya.

"Baba, ko dai ka bar ni na tuƙa, ko ka koma baya wajen 'ya'yanka."

Ya dube ta, ya buɗe ƙofa, ya dogara sandarsa ya zaga. Ta taimaka masa ya hau. Tun daga ranar a baya yake zama, a kan wata tsohuwar katifa tsakanin akwatunan, hannunsa a kan igiyar ɗauri. Idan ta yi kuskuren canji yakan buga rufin motar da tafin hannu, ita kuma ta ci gaba da tafiyarta.