Tsirkiyar da Na Ja wa Malam

A bayan ajujuwan makarantar kwanan da na yi aiki, can gefen hanyar Ɗanbatta, akwai wani tsohon filin tanis na siminti. Gonaki ne suka kewaye shi, har idan damina ta yi nisa ƙwallo ta tsallake waya, sai ka shiga cikin gero kana laluben ta da ƙafa. Ni ne mai kula da sito a makarantar, karatuna bai wuce firamare ba. A siton nan na tarar da raket huɗu na katako, abin buga ƙwallon tanis ke nan, an jingine su bayan kwalayen alli, ba mai tambayarsu.

Wanda ya fara tambaya shi ne malamin lissafi, wani dattijo siriri da ya ba hamsin baya. Ya koyi wasan tun yana ɗalibi a birni, abokan wasansa kuma duk an yi musu canjin wurin aiki. Wata Alhamis bayan la'asar ya leƙo.

"Sarkin sito, hannunka nawa?"

"Biyu, Malam."

"Ɗaya ma ya isa. Ɗauko raket biyu ka biyo ni."

Haka na shiga tanis ina da shekara talatin da 'ya'ya uku. Abin da ya fara koya mini shi ne riƙo. Ya ce in riƙe mariƙin kamar ina gaisawa da surukina, kada in matse, kada in saki. Sannan in juya kafaɗa in ba raga gefena tun ƙwallo ba ta iso ba, in ɗan rusuna, in tare ta a gabana. Ni kuwa da na ga ƙwallo sai in kai mata sara.

"Ba kara kake sara ba," in ji shi. "Raka ta. Baƙo ma ana taka masa zuwa bakin hanya."

Har yau in na tuna yammacin nan sai in ji ƙanshin ƙasa da hayaƙin kicin ɗin ɗalibai. Ƙwallayenmu sun yi sanƙo, sai mun shanya su a rana kafin su yarda su yi tsalle. Ragar duk ɗinkin igiyar rama ce. Layuka kuwa da farar ƙasa nake sabunta su. Masu dawowa daga gona sukan tsaya da fartanya a kafaɗa suna kallon manya biyu suna bin abin da bai kai lemo ba.

Shekarun nan abubuwa sun tsuke. Albashi sai ya yi watanni bai leƙo ba, sabulu ma sai an bi layi. Shagon da ke sayar da tsirkiyar raket a Kano ya daina kawowa. To, ni ɗan baduku ne, na tashi da basilla a hannu. Sai na riƙa sayo igiyar nailan mai kauri wurin masunta ranar kasuwa. In zura ta a rami, in naɗe bakinta a guntun ƙotar fartanya, in ja, in soka basilla ta riƙe, in wuce rami na gaba. Mariƙin kuma in naɗe shi da jar fatar akuya. Malam ya yaba da aikin, abu ɗaya kawai ya roƙe ni.

"Tawa ka sassauta mata. In tsirkiya ta yi laushi ita ke yi mini rabin aikin. In ta yi tauri, duk dukan a gwiwar hannuna yake sauka, hannun kuwa ba na jiya ba ne."

Na kawo wannan magana ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani.

Shekara biyu muna wasa ban taɓa cin sa ba. Ba ya gudu, ba ya dukan ƙarfi. Yana tsaye zai aika ƙwallo can ƙurya, in na kai mata da kyar sai ya ɗaga ta ta bayan kaina. Mai gadin makaranta, wanda ba ya rasa kallo, yakan ce, "Malam na tsaye kamar mai jiran mota, kai kana ta zarya kamar akuyar da ta tsinke." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana ci na a ciki.

Da bazara tsirkiyar Malam ta tsinke, ya ba ni gyara. Na zauna a sito na taka benci da ƙafa, na ja kowane layi iya ƙarfina, har katakon yana ƙara. Da na kai masa ya buga ta a tafin hannu, ya dube ni.

"Ba ta yi tauri ba kuwa?"

"Sabon nailan ne, Malam. Zai saki."

Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ranar duk ƙwallon da ya aika sai ta faɗi a tsakiyar fili, daidai inda nake so. Ya fara ƙara ƙarfi, yana fizgar hannu, abin da kullum yake hana ni. Na ci shi. Mako ya zagayo na sake cin sa. Na ga yana murza gwiwar hannu, na kawar da kai. A mako na uku buta ma ba ya iya ɗagawa da dama.

Sai ga ruwan shuka. Malam yana da gonar aro a bayan makaranta, kuma a shekarun nan ita ce ke ciyar da gidansa, ba alli ba. 'Ya'yansa manya mata ne, mazan ƙanana, ba shi kuma da halin ɗaukar 'yan ƙwadago. An yi ƙaho, an shafa man zafi, hannu ya ƙi riƙe fartanya. Noman fari ya makara, ciyawa ta sha kan gero. Na je na taya shi safiya biyu, ya bi ni da addu'a har bakin hanya, na amsa da amin. Cikin duk abin da na yi, wannan amin ɗin ta fi damuna. Shi kuwa cewa yake tsufa ne ya zo, ba a yi masa gardama.

Da kaka na ga 'yan dammunan da aka kai gidansa, jaki ɗaya ya kwashe su a sahu biyu. Bayan kwana uku na same shi a zaure da la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai, har da taka benci.

Ya ce, "Ashe wata shida ina zargin shekaruna a banza."

"Ka yafe mini, Malam."

"Na wasa na yafe, wannan tsakanina da kai ne. Amma geron ba ni kaɗai zan ci ba. Akwai mai auna shi a tukunya." Ya ɗaga murya ya kira maiɗakinsa, ta zo ta tsaya a bayan ƙofar zaure. "Maimaita mata."

Na maimaita, kaina a ƙasa. Karo na biyu ya fi na farko wuya, don ita ba ta san raket ba, sai da na yi mata bayanin yadda igiya ke lalata hannu.

Ta ce, "To, ka ci shi kuwa?"

"Na ci, Inna."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Sau biyu," ta maimaita a hankali. Na ji tana gyara mayafi. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma baɗi tun daga shuka har yanka, gonar nan a hannunka take."

Na noma ta damina uku, har aka yi wa Malam ritaya ya koma garinsu. Hannun ya yi sauƙi, yana rubutu a allo, yana alwala ba taimako, amma fartanya da raket bai ƙara riƙe ko ɗaya ba.