Tsagen Gobir a Darasin Kudus

Ku sababbin malamai, akwai wata ranar Talata da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina koyar da tarihi a wata kwaleji cikin Zinder, a aji na biyu. Tsarin karatu daga sama yake zuwa, malami ba ya tsallake darasi don ya ji tsoronsa. Ranar kuwa muka iso kan yaƙe-yaƙen Kudus.

Na ba su labarin yadda mayaƙan Turai masu ɗauke da gicciye suka kewaye birnin, suka haura ganuwa, suka yi kisa ba tausayi. Ban kai ga yadda Salahuddin ya karɓe shi daga baya ba, sai Hamani, ɗan wani jandarma Bazabarme, ya waiwaya ya ce, "Rahila, kin ji aikin kakanninku!" Aji ya fashe da dariya. Rahila ita kaɗai ce Kirista a ajin, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Ta tattara littattafanta ta fice. Na hukunta Hamani, amma bulala ba ta dawo da yarinya ba. Mako ya zagayo, kujerarta wayam, har aka ce ta rantse ta bar lakwal, wato makaranta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai ga direkta ya kira ni, irin kiran da ake yi wa malami da Faransanci. "Mushe, uban yarinyar nan ya zo." Na ce a raina yau magana ta kai ga sufeto. Ashe Majo Ishaya ne, mai allura a asibiti, dattijo Bagobiri, tsage tun daga bakin baki har kunne. Rahila na bayansa, kai a sunkuye.

Ya ce, "Mushe, ba ƙara na kawo ba. A ba ni aron ajin kaɗan."

Doka ba ta yarda baƙo ya tsaya gaban allo ba, amma direkta ya kau da kai. Majo ya shiga ya ce, "Ina Hamani?" Yaro ya miƙe.

"Af! Ashe Bazabarme ne! To bawana, matso nan."

Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa: ko zagi ne, ba a fushi. Majo ya kama hannun yaron ya aza a kumatunsa. "Shafa da kyau. Ka taɓa ganin Bature da wannan tsage? Kakana bai taɓa ganin teku ba, balle Kudus. Kakanka kawai yake kora a daji, shi ma don ya sace mana gero."

Aka kwashe da dariya, har Rahila. Hamani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, ai Gobirawa ne ɓarayin!"

"Madalla! Wannan zagin naka ne, ka gada, yi ta yi wa ƙanwarka. Wancan kuwa ba naku ba ne."

Rahila ta koma kujerarta, na ƙarasa darasin, Majo na zaune a bencin baya. Yau ita ma malama ce a Takieta.

Allah ya jiƙan Majo da alheri. Daga gare shi na koyi cewa yaro ba ya jin tarihi sai ya nemi inda zai ajiye maƙwabcinsa a ciki. Tun daga ranar, kafin in buɗe ƙofar Kudus, sai na fara tambayar kowane yaro ina kakansa yake noma.