Alamar Ƙarami

Kwanakin da Inna take takaba, ƙofar ɗakinta ta saki, sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ƙarami kafinta ya zo ya gyara, ko ruwa bai tsaya sha ba. Da ta fita takaba ta je shago ta yi ta zuba masa addu'a, har jikokin da ba a haifa ba sai da ta sa. Mutumin ya amsa amin ɗin duka, sannan ya ce, "Inna, ƙanena ne fa ya gyara. Amma na riga na shafa."

Haka Allah ya yi da Ƙarami. Shi da Babba tagwaye ne, shago ɗaya, hanci ɗaya, har sanƙo tare ya kama su. Godiya Babba ke sha, amma in kujera ta karye da baƙo, Ƙarami ake tarewa a hanya. Shi dai burinsa a gan shi a ce shi ne.

Telan da ke kusa da shagonsu ya ce masa alama ce ba shi da ita. Ƙarami ya tara gashin baki, Babba ya ga abin ya yi kyau, shi ma ya tara. Ƙarami ya sayi tabarau, aka ce idon Babba ya taɓu, aka yi ta zuwa duba Babba. Ya koyi ɗingishi, sai ya riƙa manta ƙafar da ya fara da ita, yara suna tuna masa.

Da abin ya ishe shi ya sami Inna tana jan carbi a bakin ƙofa.

"Inna, ke tun ranar addu'ar nan ba ki sake ruɗewa ba. Me kike gani?"

"Ba gani nake ba, ɗan nan, ji nake. Alama ai ba sai a fuska ba, hali ma alama ne. Kai kafin ka buga ƙusa sai ka ce mata ta yi haƙuri. Yayanka kuwa zaginta yake yi, Allah ya shirye shi."

"To yanzu yawo zan riƙa yi da guduma?"

Inna ta buɗe baki za ta ce ba haka take nufi ba, amma ya riga ya miƙe.

Tun daga nan guduma ba ta barin aljihunsa. Gidan suna, gidan biki, har dubiya a asibiti, da an ce "Babba" sai ya zaro ƙusa, ya nemi benci, ya ba ta haƙuri, ya buga. Bencin layin duk ya cika da ƙusoshi. Wandon telan ne ya fara yagewa, ba wanda ya tausaya masa. Babba ya gwada kwaikwayo, ya ce "yi haƙu..." guduma ta sami yatsansa, sauran maganar ba ta rubutuwa.

Wata safiya Ƙarami ya durƙusa gaban Inna, fuska ba wasa.

"Inna, alfarma ɗaya. Gawa ba ta riƙe guduma. In na riga shi tafiya, don Allah ki tsaya a bakin ƙofa ki faɗa wa mutane ni ne. Kada a je ana yi wa matarsa ta'aziyya, tawa tana gefe tana raba wa baƙi ruwa."