Tsalle a Kan Shanyar Tattasai

Ana sallame sallar asuba muka fito daga garin Diffa, mu uku: ni mai hawan keke, abokina mai kamara, da wani ɗan gari da ya yarda ya yi mana jagora. Kekena a bayan mota, tare da shebur da diga. Jandarmomi a shinge suka daɗe suna latsa tayoyin keken masu kauri, ɗaya ya ce wannan ai babur ne aka cire wa inji.

Da muka sauka daga kwalta, kwarin kogin Komadugu ya buɗe mana, kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Muka karya da shayi da bandar kifi mai arha har sai da na ji kunyar taya shi.

Can gaba na ga abin da na daɗe ina mafarki: tudu mai gangara sosai, a ƙasansa fili a daɓe, sumul, ko tsinke babu. Na yi ihu! Ba mu tambayi kowa ba, jagoranmu ma ɗan cikin gari ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Muka wuni muna tara laka a gindin tudun, muna yayyafa ruwa, muna daɓewa, har muka gina matashi mai lanƙwasa da zai cilla keke sama. Muka bar shi ya bushe, muka koma gari kafin duhu.

Kashegari da hantsi muka dawo, sai muka tarar filin ya zama ja wur. Ashe wurin shanya ne. An baza tattasai tun daga bakin matashinmu, wani dattijo na juya shi da manjagara.

Muka gaishe shi. Ya dubi ginin, ya dube mu, ya ce cikin Hausarsa ta Barebari, "Ku ne? Na ɗauka wani ya zo gina murhu."

Na yi masa bayani. Ya ce, "Ɗana, tun da na gudo daga ƙetaren kogin nan, wannan ne girbina na farko. In taya ta murje shi, ba mai saye."

Duk da haka zuciyata ta ƙi barin tsallen. Na ce, "Baba, in muka janye na can baya, zan tsallake sauran, ba zan taɓa ko ɗaya ba." Ya ce sau ɗaya tak.

Muka janye abin da za mu iya, muka ƙara wa matashin tsayi. Na tura keke kan tudu. Daga sama tattasan ya fi yadda na zata faɗi. Na yi bismilla, na saki birki.

Wayyo daɗi! Iska ta cika mini kunne, matashin ya ɗauke ni, na ga ja yana wucewa a ƙarƙashina. Tayar baya ta dira a ƙasa tsirara, tazararta da tattasai ba ta kai tafin hannu ba. Manoman da suka taru suka ɗau sowa.

Na juya wurin mai kamara, sai na gan shi yana hawaye. Ƙurar tattasan da muka tayar ta shige masa hanci, atishawa ta kama shi daidai lokacin da na tashi. Bidiyon sararin sama ne kawai.

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To sake, ɗana." Har na kama keke, sai idona ya sauka a kansa. Dariya yake, amma har ya soma janye tattasansa gefe da manjagarar. Na ce, "Baba, ya isa." Muka rushe matashin, muka mayar masa da shanyarsa yadda muka same ta.

Na dawo gida ba bidiyo, abokai na ta cewa ƙarya nake, ban yi tsallen ba. Ban damu ba. Na koyi cewa duk fili mai kyau da ka gani a kwarin nan, wani ne ya share shi, ka nemi mai shi kafin ka kafa shebur. Dattijon ya san na tsallake, tattasansa kuma yana nan lafiya.