Ɗalha da Rijiyar Ubansa

Duk wanda ya yi wayo a Magariya zamanin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke kwasar gyaɗa ya san Ɗalha mai haƙar rijiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai kamar an aiko shi da shi. Ubansa Sallau ne ya koya masa sana'a, ya kuma bar masa ƙa'ida guda: in an gama haƙa ko yasa, mai aikin ne zai fara cika ƙwarya ya sha a gaban jama'a, sannan ya ce su sha. Shekara talatin Ɗalha bai taɓa ba mutane ruwan da yake shakka ba.

Rijiyar da ya fi ji da ita ita ce ta bakin kasuwa, wadda Sallau ya haƙa tun Ɗalha na goye. In ya zo wucewa sai ya leƙa ta, ko ba abin da ya same ta.

Wata shekara bayan kaka ruwan ya fara warin kananzir. Ba wanda ya damu, don a lokacin kusan kowa da tsohuwar garwar kananzir yake ɗaukar ruwa. Maza suka ce mata sun yi ƙyuyar wanki, mata suka ce laifin 'yan garuwa ne. Wata uku cur ana darzar garewani da toka da dusa, hannaye suka yi kanta, wari kuwa sai gaba yake yi.

Yakura mai fura ce ta kawo ƙarshen wannan wahalar banza. Ta sauke tulunta a ƙofar Ɗalha ta ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa mallakar garwa ba. Shinshina ka ji."

Ya shinshina, ya ji warin a ruwan tulun. "Goggo, daga rijiyar baba kika ɗebo?"

"Ina da wata ne?"

Ya ɗaura igiya ya sauka. Gaba huɗu ya taka ruwa, ya ga maiƙo yana tsattsafowa daga bangon arewa. Kafin ya fito har Manzo mai unguwa ya iso da labari: likitan bariki ya ce a cike rijiyar. Ɗalha ya roƙi a ba shi zuwa faɗuwar damina. Manzo ya ce to, don ya san ko ya hana ba ji zai yi ba.

Ɗalha ya san ruwan ƙarƙashin garin daga arewa yake gangarowa zuwa kwari, don haka ya bi shi da baya. Kowane taku ashirin ya haƙa ɗan rami har ya kai yashi mai laima, ya damƙo ya zuba a ƙwaryar ruwa. In maiƙo ya taso ya kafa kara, in bai taso ba ya cike ramin ya karkata. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Gafiya. Wani ya ce tukunyar zinariya yake nema, ya ce in ya samu ba zai manta da shi ba.

Rami na goma sha bakwai ya faɗo daidai gindin katangar wani kamfanin sayen gyaɗa. Yashin wurin baƙi ƙirin, warin har hawaye yake sawa. Can ciki kuwa akwai tankin da suka binne shekara takwas baya, na man kamiyo.

Akawun kamfanin, Inusa, ya yi masa kallon tausayi. "Malam Ɗalha, ƙarfen nan daga Faransa aka kawo shi. Ba tulu ba ne da zai yi yoyo."

Ɗalha bai yi musu ba. Ranar kasuwa ya ciko kasko da yashin, ya ajiye a bakin kanti, ya cusa tsumma ya ƙyasta ashana. Yashi ya kama ci da baƙin hayaƙi, jama'a suka yi cincirindo, har Baturen kamfanin ya fito. Kwana uku aka tono tankin. Tsatsa ta huda gindinsa, kafar ba ta fi ɗan yatsa ya shiga ba.

Gari ya ɗauka an gama. Ɗalha ya yashe rijiyar sau uku, ya kwashe laka, ya sake ƙasar bangon arewa. Ranar da za a buɗe ta unguwa duk ta taru, mata riƙe da guga, sun gaji da zuwa kwari ɗibar ruwa. Ya cika ƙwarya, ruwa garau. Ya kai bakinsa, sai ya ji warin can ƙasa-ƙasa, ɗan kaɗan, wanda ba kowane hanci zai kama ba.

Manzo ya matso ya rage murya. "Ai ya yi. Ka ce su sha mana."

Ba abin da Ɗalha yake so a duniya kamar ya faɗa. Ya daɗe yana kallon bakin rijiyar, inda igiya ta ci itacen da ubansa ya girka. Sannan ya tuntsurar da ƙwaryar a ƙasa.

"Man ya riga ya shiga ƙasa. Ko jikokinmu ban ce za su sha ta ba."

Aka watse ana gunaguni, wasu har da zagi. Washegari ya ɗauki dagi ya wuce arewa da katangar kamfanin, inda ramukansa suka nuna yashi mai tsabta, ya fara sabuwa. Kwana arba'in ya cim ma ruwa, ya sha a gaban mutane, ya ce su sha.

Ƙasar da ya fitar kuwa bai bar ta nan ba. Mangala-mangala ya yi ta kai ta a kan jaki yana zubawa a rijiyar Sallau. Mutane sun so su taya shi, ya ƙi. Ya ce hannun gidansu ne ya buɗe ta, ba zai bari wani hannu ya rufe ta ba.