Tsutsar Haƙorin Hajara

A Karare, zamanin da Bature ke sayen gyaɗarmu, kakarmu Inna Tabawa ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi mata yaƙe a hasken murhu ta duba haƙoransa. Wanda bai yi asuwaki ba, sai ya tashi ya yi. "Ni da na tsufa da haƙorana cur, ba ni hira da mai baki kamar juji," in ji ta.

Ƙanwata Hajara ta fi kowa zille mata. Baba ne ya sangarta ta. In ya kai gyaɗa Batsari, da sukarin kanti yake dawowa, ita kuwa ta dunƙule shi a kumatu har barci ya kwashe ta.

Wani dare na sanyi Inna ta ce, "Ga ta nan gare ku, ƙazamai." Wai kura ce ta saba kwana da zuma a baki, har haƙori ya hana ta sakat. Dila ya ce tsutsa ce. Ya zuba 'ya'yan gauta a tsingaro mai zafi, ya sa ta hangame baki hayaƙi ya shiga. 'Ya'yan suka fashe, zare fari ya fito, ya ce, "Ga tsutsotsinki." Ya karɓi akuya ladan aikinsa, kura kuwa haƙoran suka yi ta zuba har ta koma cin kabewa. Muka yi ta dariya, Hajara har da birgima.

Ba a rufa shekara ba kumatun Hajara ya kumbura. Inna ta ce, "Ku kai ɗiyag ga wurin likita Katsina." Baba ya ce, "Inna, kwana biyu fa a kan jaki. Ga mai cire tsutsa nan kasuwa." Ni na raka su. Da idona na ga tsingaron, na ga hayaƙin, na ga farin zaren da mutumin ya nuna wa Baba. Na gane sarai dabarar dila ce. Amma yarinya ba ta magana a gaban maza, sai na sunkuyar da kai. Baba ya yi hamdala, muka juyo gida. Kumburin ya gangara wuya, kwana biyar Hajara ta rasu.

Har yau raina na tafasa. Ina jin haushin macucin nan, da Baturen da ya iya kawo mana sikeli da sukari har ƙofa amma ya ajiye likita a Katsina, da Baba da ya ɗauki zaƙi ƙauna. Amma kunyar da ta rufe mini baki na fi tsana.

Yanzu a Safana nake zaune. Nakan ƙwace alewa a hannun jikoki in miƙa musu asuwaki, in na ga rami a haƙori kuwa sai asibiti, ko uban yaro ya so ko ya ƙi. Suna cewa na cika faɗa. Na cika ɗin. Maganar da na haɗiye ran nan a kasuwa ce nake amayarwa har yau.