Ranar da Wuta Ta Zo, Injin Yana Kan Tebur

Reno Camilleri bai zauna a kujerar gaba ta motar mahaifinsa ba sai da gemu ya fara tsiro masa. Mahaifin, Salvu, ya zo Ostireliya daga Malta yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a tashar wutar lantarki ta kwarin Latrobe. Abu ɗaya tak ya taɓa saya wa kansa don marmari: mota ƙirar Valiant Charger mai ruwan lemo, sabuwa dal, a shekarar 1973. Ranar Lahadi kawai ake fito da ita, a je coci a garin Morwell a dawo. Yara a baya, ba ci ba sha, kuma kar wanda ya taɓa gilashi.

Reno ya tashi ya zama bakanike, yana bin gonakin masu shanun madara yana gyara musu tarakta da injin ban ruwa. Mutum ne marar yawan magana. Ya auri Denise, ma'aikaciyar jinya, suka sayi ɗan fili a kan tudu kudu da gari, cikin itatuwan turare, da kududdufi a gangare. 'Ya'yansu mata biyu suka girma suka tafi Melbourne, ƙaramar ma da motar uwarta ta tafi, aka bar gidan da a-kori-kurar Reno.

Bayan rasuwar mahaifiyar Reno, Salvu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Suka ɗauko shi ya dawo wurinsu, motar ma ta biyo shi. Ranar farko da Reno ya fita da shi a cikinta, suna hawan tudun gida, tsohon ya karkata kai yana saurare.

"Wannan motata ce, ko injin yankan ciyawa ka sa mini a ciki?"

"Tsufa ne, Baba. Kai ma ai ba ka gudun da kake yi a da."

"Ni ɓari guda aka kashe mini. Ita mene ne hujjarta?"

Tun da aka kwantar da shi a asibiti Reno bai ji ya yi doguwar magana irin wannan ba. Daga ranar ya ɗaura niyyar ƙara wa injin ƙarfi.

Ya fara da salansa, ya sa mai faɗi don injin ya samu numfashi. Abokinsa Noel, wanda ke ƙungiyar masu tsofaffin motoci, ya samo masa kafireta uku, Reno ya cire guda ɗayan da ke kai ya jera su. Duk yamma sai ya turo keken mahaifinsa zuwa bakin gareji, ya tayar da motar, ya taka totur. Salvu ya rufe ido ya saurara, can ya ce, "Da saura." Mutumin da a baya sai an lallashe shi yake cin abinci, sai ga shi yana neman ƙari, yana aika Reno ya ɗauko sifanar da yake ganin ta fi dacewa.

Denise ta kan leƙo da shayi. "Ku biyun nan, wace ƙasa za ku ci da yaƙi da wannan ƙarfin dokin? Daga nan zuwa coci ne fa."

"Ki bar mu, 'yata," in ji Salvu. "Mijinki ya kusa koyon aiki."

Abin da ya rage shi ne babban aikin: a sauke injin gaba ɗaya, a faɗaɗa ramukan fistan, a aika kan injin garin Dandenong a kankare shi. Ranar haihuwar Salvu na cikin Maris, kuma Reno yana son ya zaunar da shi a gaba ranar, su hau babbar hanya. Noel ya ce masa, "Mutumina, ka bari zafin nan ya wuce. Daji ya bushe ƙayau, kai kuma mota ɗaya za ka bari a gida." Reno ya ce aikin ba zai wuce mako biyu ba. A farkon Fabrairu ya sauke injin.

Ranar da abin ya faru, tun da safe aka kira Denise asibiti saboda zafi ya kwantar da tsofaffi da yawa. Ta tafi da a-kori-kurar. Bayan azahar Reno ya hango hayaƙi can nesa ta yamma, rediyo kuma ta ce wutar dajin ta nufi wani wajen. Bai jima da komawa ciki ba iska ta juya. Ya kira Denise, ta ce an rufe hanya. Ya kira Noel, Noel ya taso da gudu, 'yan sanda suka mayar da shi daga gindin tudu. Maƙwabtansa kuwa tun safe suka kwashe dawakansu suka tafi.

Reno ya shiga gareji. Charger na tsaye da tayoyi sababbi, tanki cike da mai, bonet a buɗe, ba komai a ciki. Injin yana kan tebur, fistan a jere a kan tsumma yadda ya goge su jiya. Ya yi tunanin tura ta, amma hanyar fita daga gidan hawa ce. Ya tsaya a nan ɗan lokaci, har ganyaye masu ci da wuta suka fara faɗowa a kan kwanon rufi.

Ya jiƙa bargon ulu, ya turo keken mahaifinsa zuwa gangare. Tayar keken ta maƙale a tsagewar ƙasa, sai ya goya tsohon. Suka shiga kududdufin har ruwa ya kawo musu ƙirji, ya lulluɓe su da bargon. Rana ba ta faɗi ba amma gari ya yi baƙi, ƙarar wutar kuma ta cika ko'ina.

"Ka rufe gareji?" Salvu ya tambaya a kunnensa.

"Na rufe, Baba."

"Da ka bar ni ka bi ta daji da ƙafarka. Kai kana da iyali."

"Yi shiru, sa bargon a hancinka."

Tsohon ya fara addu'a da harshen Malta, irin wadda uwar Reno ke yi a bakin gadonsu suna yara. Reno yana riƙe da shi da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗibar ruwa yana zubawa a kan bargon da ke bushewa nan take. Bai san lokacin da addu'ar ta tsaya ba. Da wutar ta wuce ya ɗaga bargon, kan mahaifinsa na kwance a kafaɗarsa. Haka 'yan kwana-kwana suka same su, bai sake shi ba.

A asibitin da Denise ke aiki aka kwantar da Reno, hannuwansa da wuyansa sun ƙone. Salvu kuwa ya rasu, likita ya ce hayaƙi ne da zuciya. Gida ya tafi, gareji ya tafi, kafiretocin nan uku sun narke sun malala a ƙasa. Kowa ya ce masa ba laifinsa ba ne. Denise ta riƙe fuskarsa ta ce da sun hau hanyar nan wataƙila su biyun za ta rasa. Ya gyaɗa mata kai. Amma shi ya san hanyar, ya san tazarar da ke tsakanin juyawar iska da isowar wuta, kuma ya san ko da tsohon injin nan mai tari da sun kai Morwell.

Ba su sake gini a tudun ba. Suna zaune a wani ƙaramin gida a Traralgon. Reno ya koma gyaran tarakta, ko da yake yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sosai, ƙananan notoci sai ya daɗe yana fama da su. 'Yan ƙungiyar su Noel sun haɗu sun nemo masa gangar jikin wata Charger, ya je har wurin taronsu ya yi godiya, ya ce su ba wani.

Kan injin da ya aika Dandenong ya dawo bayan gobarar. Da yake babu gidan da za a kai shi, Noel ne ya karɓa ya ajiye. Sai da shekara ta zagayo Noel ya iya tayar da maganar, suna zaune a barandar Reno.

"Abin nan yana nan a wurina, a kwalinsa. Ka ce mini yadda zan yi da shi."

"Sun yi aikin da kyau?"

"Sun yi. Kamar madubi."

Reno ya kalli titi. "Baba bai ko gan shi ba," ya ce. "Kullum sai ya tambaye ni ko ya iso."

Denise ta fito ta kwashe kofuna, ta tambayi Noel ko zai tsaya cin abinci, ya ce zai tsaya. Reno ya ce su fara, yana zuwa.